Gicciyen da ke Kan Ƙotar Haiwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Madawa ta nufi Buza, ta ratsa duwatsu har ta gangara Keita, a cikin watan Yuli, sa'ad da damina ta kankama kuma hatsi ya fara rufe idon sawu, lalle zai ga manoma iri biyu a gonaki: waɗansu a duƙe suna saran ƙasa da kwashe mai gajeriyar ƙota, waɗansu kuwa a tsaye cak, suna takawa sannu a hankali, suna tura wata doguwar sanda a gabansu. Dukansu abu guda suke yi, wato yaƙi da haki tun bai shanye ɗan ruwan da Allah ya saukar ba, amma bambancin da ke tsakanin mai duƙawa da mai tsayuwa ya ƙunshi tarihin wannan yanki na jihar Tawa fiye da abin da ido yake fara gani. Doguwar sandar nan ita ce haiwa ta tsaye, kuma abin da ya sa ta iya aikinta shi ne wani ɗan guntun itace da aka gitta a can ƙarshenta na sama, wanda in an haɗa shi da ƙotar sai su ba da siffar harafin T na boko.

Haiwa sassa uku ce. Akwai ruwanta na ƙarfe, mai faɗi, mai fukafukai biyu da suka lanƙwasa baya kamar jinjirin wata, wanda faɗinsa yakan kai taƙi ɗaya ko ya ɗara. Akwai ƙotar, wadda takan kai mita 2 ko fiye, aka cusa ƙarshenta cikin wani ɗan bututu da maƙeri yake naɗewa a bayan ruwan. Sa'an nan akwai gicciyen, wanda tsawonsa bai wuce ya cika tafin hannu ya ɗan leƙo ta kowane gefe ba. Mai saye a kasuwa yakan tsaya ya daɗe yana juya ruwan, yana ƙwanƙwasa shi da farce don ya ji amon ƙarfen, yana tayawa ana cewa albarka, alhali kuwa gicciyen ba ya shiga cikin ciniki ko kaɗan, domin sau da yawa mutum da kansa yake sassaƙa shi a gida da wuƙa ko gizago, ya huda tsakiyarsa, ya zaunar da shi a kan ƙotar. Duk da wannan rashin daraja tasa, in aka cire shi haiwa ta tashi daga aiki.

Dalili kuwa shi ne, noma da haiwa turawa ake yi, ba sara ba. Manomi yakan ɗora hannu ɗaya a kan gicciyen, ya riƙe tsakiyar ƙotar da ɗaya hannun, ya sa ruwan ya nutse cikin rairayi gwargwadon faɗin yatsa biyu ko uku, sa'an nan ya dinga turawa yana ɗan ja baya, yana sake turawa, ƙarfen yana tafiya a kwance ƙarƙashin ƙasa yana yanke saiwar ƙarangiya da harkiya, hakin kuma yana zubewa a inda yake, rana ta ƙarasa shi kafin azahar. Da a ce ƙotar tsirara take ba gicciye, da tsininta ya huda tafin hannu tun kafin hantsi, kuma da zarar fiffike ɗaya ya ci karo da saiwar sabara sai sandar ta murɗe a hannu, ƙarfen ya karkata ya sare hatsin da ake son a ceta. Akwai kuma wata hikima wadda ba kowa yake lura da ita ba, ita ce ana daidaita gicciyen ne ya yi layi ɗaya da faɗin ruwan, ta yadda hannun da ke sama yake sanin kwanciyar ƙarfen da ke cikin ƙasa ba tare da ido ya gan shi ba. In mutum ya ɗan sunkuyar da wuyan hannunsa dama, fiffiken dama ya nutse, in ya mayar hagu, na hagu ya nutse, kuma da haka gwani yake kewaye gindin hatsi har ya share shi tas bai taɓa ko ganye ɗaya ba. Yaron da ake koya wa aikin, abin da ubansa yake yawan faɗa masa ke nan: “Kai, riƙe kan da kyau, kada ta juya maka.”

Wannan siffa ta sanda mai gicciye a ka tsohuwa ce ƙwarai a duniya, kuma a waɗansu ƙasashe har ta sami ma'ana ta ibada. Kiristocin Misra suna danganta ta da Antoniyos, shugaban masu zuhudu na hamadarsu, wanda ake zana shi riƙe da irin wannan sanda; limaman cocin Habasha har yau suna dogara a kan tasu saboda tsawon tsayuwar da suke yi a addu'o'in dare; kuma a cikin Musulmi, sufayen ƙasar Turkawa suna da wata 'yar gajeriya da suke kira muttaka, wadda mai halwar kwana arba'in yake ɗora haɓarsa a kanta, don ko barci ya sace shi kada ya kai ga kwanciya. A wurin waɗannan duka abin jingina ce. A nan kuwa, wato Adar da Gobir Tudu, ba a ba ta wata fassara ta asiri ba, sai dai an sa ta aiki, kuma a ganina aikin da ta yi ya isa a rubuta.

Kafin a fahimci inda haiwa ta shiga da inda ta kasa shiga, wajibi ne a san cewa ƙasar nan ba iri ɗaya ba ce. Adar ƙasar dutse ce, shimfiɗaɗɗun tuddai masu tsakuwa waɗanda mutanen wurin suke kira dabagi, da gangare mai fako wanda ruwa ba ya shiga cikinsa sai dai ya gudu a kai, da kwaruruka masu zurfi irin na Keita da Majiya inda laka take da nauyi, dawa take yi, auduga ma ta taɓa yin suna. A kudu da gabas kuwa, wajen Madawa da kwarin Tarka, da kuma duk inda iska ta tara rairayi a jikin tudu, jigawa ce mai laushi. Haiwa 'yar jigawa ce. In aka kai ta fadama mai laka sai ta ƙi nutsewa, in aka kai ta dabagi tsakuwa ta cinye bakinta cikin kwana kaɗan, kuma ko a inda take aiki ba ta juya ƙasa, ba ta tada kunya, ba ta binne taki. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da gida ɗaya yana da haiwa domin gonar tudu da kwashe domin ta fadama, da sungumi na shuka a jingine kusa da su.

Sai dai ƙasa kaɗai ba ta isa ta bayyana al'amarin ba, kuma wannan ita ce mas'alar da wani Bafaranshe mai bincike, Henri Raulin, ya tsaya a kanta cikin littafin da ya fitar a 1967 game da dabarun noma a wannan sashe na Afirka. Ya nuna cewa haiwa tana da wani dogon zirin ƙasa da take mulki a cikinsa, tun daga Sanagal, inda Wolof suke kiranta iler, ya bi ta bakin hamada har ƙasar Sudan, kuma ya lura cewa akan sami ƙauyuka biyu a kan rairayi iri ɗaya, waɗannan suna noma a tsaye, waɗancan a duƙe, ba don komai ba sai don abin da kowannensu ya gada da kuma mutanen da ya yi cuɗanya da su. Wanda ya san tarihin Adar ba zai sha wahalar gane inda wannan magana ta dosa ba. Tun 1674, sa'ad da Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak ya karɓe Adar daga hannun Kabawa, ƙasar ta juya fuskarta arewa. Abzinawan da ake kira Lisawan suka zauna a yankin da ya zama Keita, kuma a ƙarni na 18 Kel Geres suka gangaro daga Abzin suka kafu a wajen Madawa, inda har yanzu sarautunsu suke a Galma da Arzarori. Waɗannan mutanen raƙuma ne da fataucin gishiri, masu bukatar hatsi mai yawa domin ci da domin musaya, kuma masu noma musu shi su ne Buzayen da ke ƙarƙashinsu, waɗanda suke zaune a kan jigawa mai faɗi, ga dabbobi da za a kula da su, ga hannuwa kaɗan. Mutumin da yake cikin wannan hali ba ya neman kayan aikin da zai gyara taƙi ɗaya na ƙasa ya ƙawata shi, abin da yake nema shi ne wanda zai share masa fili mai yawa cikin 'yan kwanakin da ke tsakanin ruwa da ruwa, kuma haiwa ce take yin haka. Hankali ya fi karkata ga cewa ta wannan cuɗanya ta arewa ce noman tsaye ya yi ƙarfi a nan, alhali tsofaffin Aznan duwatsu, waɗanda kakanninsu suka fake a kwazazzabai saboda hare-hare suna noma 'yan gonaki ƙanana a kusa da gari, sun daɗe a kan duƙawarsu. Ba banza ba kirarin da Bahaushe yake yi wa noma ya kira shi na duƙe.

Shi ƙarfen kuwa a da a gida ake samunsa. Maƙeran Adar sun shahara da narka tama, suna tono ta daga jikin tuddan nan masu jan dutse, su gina tanderun yumɓu, su cika shi da gawayi, su kwana suna tsaronsa da tsarin al'adu da hane-hane waɗanda ba a karya su, har ƙarfe ya taru a gindi. Kuma Nicole Echard, wadda ta yi shekaru tana bincike a ƙauyukan Adar, ta ɗauki wannan aiki a fim a shekarun 1960, a daidai lokacin da yake gab da mutuwa. Abin da ya kashe shi ba ɓoyayye ba ne: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, motoci suka biyo baya, tsohon ƙarfe ya yi arha, har ya zama wauta mutum ya sare itatuwa ya yi gawayi ya kwana a bakin wuta domin abin da zai samu a jikin mataccen lori. Haiwar da ake sayarwa yau a kasuwar Madawa ko ta Buza daga irin wannan ƙarfe ake ƙera ta, kuma arhar ƙarfen tana cikin abin da ya sa kowane saurayi ya iya mallakar tasa.

Zuwan Faransawa a farkon ƙarni na 20 ya buɗe wa haiwa fili irin wanda ba ta taɓa samu ba. Hare-hare suka ƙare, mutane suka sauko daga duwatsu suka bazu cikin daji suna kafa tunga. Dokar 1905 ta hana cinikin bayi a mulkin Faransa na Afirka ta Yamma, Buzaye da yawa suka kama noma domin kansu. Ga kuma lanho, wato haraji, wanda ake biya da kuɗi a kan kowane kai, ko an yi amfani ko ba a yi ba. Wanda ya ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ya kuma ga farar da ta cinye gonaki har ta jawo yunwar 1931, ba ya bukatar malami ya gaya masa cewa rumbu ɗaya ba ya isa. Maganin da ya fi kusa da hannu shi ne a faɗaɗa gona, kuma da yake abin da yake iyakance faɗin gona a ƙasar damina gajeriya shi ne yawan abin da mutum zai iya nomewa a noman fari da maimai kafin haki ya fi ƙarfinsa, sai kayan aikin da ya fi sauri ya ci kasuwa. Claude Raynaut ya ga irin wannan a ƙasar Maraɗi, inda ya bayyana yadda haiwa ta tsaye take shiga garuruwan da a da ba su san ta ba. Da gandu ya fara rarrabewa, kowane ƙane yana son gamanarsa ta fi ta da, kuma samari suka saba da tafiya biɗa zuwa Nijeriya da Abijan da Libiya, suna dawowa ana gab da shuka, wani lokaci ma bayan an yi ta, sai saurin haiwa ya zama abin da gida yake rataye a kansa.

An sha ɗora wa haiwa laifin lalacewar ƙasa, ana cewa tana sassabe fuskar jigawa ta bar ta a sake iska ta kwashe, kuma tana ruɗin mutum ya noma abin da ba zai iya ba taki ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ban ga adalci a hukuncin ba. Ƙasar da haiwa ta tausasa a sama takan riƙe laimar da ke ƙasa, hakin da ta yanke yana nan kwance yana rufe ta, kuma muddin ana barin gona ta huta shekaru ta koma saura, sabara da ƙalgo su tsiro, dabbobin Fulani da na Buzaye su kwana a ciki da rani, ba a ga wata ɓarna ba. Abin da ya karye shi ne hutun, sa'ad da mutane suka yi yawa, daji ya ƙare, ruwa kuma ya ja baya; farin 1973 da na 1984, wanda mutanen Nijar suke kira El Buhari, su suka tone abin da ya daɗe yana ruɓewa.

Gyaran da ya biyo baya, galibinsa da duƙawa aka yi shi. A 1975 ƙungiyar CARE tare da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, a ƙasar Buza, layi biyu biyu, tsakanin kowane jeri da na gaba mita 100, domin su karya iskar da take kwashe ƙasa. A 1984 aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, ana biyan ma'aikata da abinci, kuma mafi yawansu mata ne, domin maza sun tafi biɗa. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a jikin tuddai da diga da shebur, aka dasa miliyoyin itatuwa. Wajen 1989 kuma manoman Illela, bayan waɗansunsu sun ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka inganta tassa, wato ramukan da ake haƙawa a fako a zuba taki a shuka a ciki, dabarar ta bazu a Adar har fakon da a da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. A duk wannan babu inda haiwa ta sa baki.

Amma a daidai waɗannan shekaru gicciyen ya sake fitowa a wani wuri, a wannan karon na ƙarfe, kuma aikinsa murɗawa. Kwarin Tarka yana da ruwa kusa, 'yan mitoci kaɗan ƙarƙashin ƙasa, kuma mutanensa sun daɗe suna noman albasa da rani, suna haƙa 'yan rijiyoyi marasa gini waɗanda suke rubzawa kowace damina, suna ɗebo ruwa da ƙwarya suna zubawa fangali fangali, aikin da yake cin ƙarfin mutum tun asuba har faɗuwar rana a kan ɗan fili kaɗan. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990, wani shiri na raya kwarin Tarka, mai mazauni a Madawa, wanda asusun Tarayyar Turai ya ɗauki nauyinsa, ya yaɗa haƙar siririyar rijiya da hannu, dabarar da ƙungiyar Lutheran World Relief ta riga ta gwada a waɗansu sassan Nijar. Kayan aikin sanda ce ta ƙarfe mai baki kamar matsefatar ƙasa a gindi, da gicciye mai tsawo a sama. Mutum biyu ko uku sukan kama gicciyen, kowa da gefensa, su danna su murɗa, in bakin ya cika su zaro shi su kakkaɓe, su mayar. In sandar ta nutse har gicciyen ya kusa taɓa ƙasa, sai a cire shi, a ƙara wata sandar a ɗaure da ƙusa, a mayar da shi sama a ci gaba. Da an kai ga jiƙaƙƙen rairayi, inda rami yake rufewa da kansa, sai a zura bututun roba wanda aka tsattsaga gindinsa da zarto aka naɗe da ƙyalle don ya tace yashi, a dinga kwashe abin da ke cikinsa yana nutsewa. Rijiyar da a da sai an yi kwanaki ana haƙa, ga hatsarin ta rufta da mutum, sai ga ta an gama a yini ɗaya, a kafa mata injin ban-ruwa kafin magariba. Aka yi dubbai a kwarin, samarin da suka koyi aikin suka mai da shi sana'a bayan shirin ya tashi, masu walda a Madawa suka iya ƙera kayan, kuma jar albasar nan da duniya ta sani da sunan Galmi, wadda ake tarawa a rudu a jira tsada kafin a loda ta zuwa Abijan da Akara da Kwatano, kaso mai yawa nata daga wannan kwari yake fitowa.

A nan akwai wata mas'ala ta fiƙihu da ta dace a ambata, domin malaman yankin suna shan tambaya a kanta. Hatsin da aka noma da haiwa ruwan sama ya shayar da shi, saboda haka in ya kai nisabi ushiri ake fitarwa, wato dami ɗaya cikin goma. Abin da aka shayar da wahala da kuɗi, kamar alkama ko masarar da injin ya ba ruwa, rabin ushiri ne. Albasa kuwa, a mazhabar Imamu Malik, ba ta cikin abin da ake fitar wa zakkar amfanin gona, sai dai kuɗinta in sun kai nisabi kuma shekara ta kewayo a kansu. Ta haka sai ka ga talaka mai damin hatsi hamsin ya fitar da biyar a bakin rumbu kowa yana gani, attajirin albasa kuwa lissafinsa yana tsakaninsa da Ubangijinsa.

Ƙarfen murɗawa yana da iyakarsa kamar yadda haiwa take da tata, domin da ya ci karo da dutse ya tsaya, kuma ruwan da ya wuce zurfin da injin zai iya tsotsowa ba shi da amfani ga mai lambu. Shi ya sa albarkar ta tsaya a kwaruruka, garuruwan da ke bisa dabagi a Keita da Buza kuwa sai dai babbar mota mai haƙa ta zo ta fasa dutsen, a kafa famfo. Ɗaya daga cikin famfunan da aka kakkafa, wanda aka tsara a Indiya a shekarun 1970 da taimakon UNICEF ake kiransa India Mark II, shi ma irinsa na rijiya mai zurfi sosai dogon hannunsa da gicciye yake ƙarewa, kuma an yi shi da faɗi ne domin in ruwa ya yi nisa mata biyu su kama, ɗaya a kowane gefe, su buga tare.